Kura da shan bugu: wa ke kwasar kuɗin rangadin makaɗan rok?

Idan wasa ya tashi a ɗaya daga cikin ƙananan zaurukan kiɗa na Ingila ko Amurka, wajen ƙarfe 11 na dare, 'yan kallo sukan fito jiƙe da gumi su nufi gidajensu, su kuwa makaɗan a lokacin ne wani sabon aikin yake fara musu. Mai ganguna yana kwance ƙarafunansa yana jerawa a akwati, mai jita yana naɗe wayoyi, wani yana komawa da mota baya zuwa ƙofar lodi, kuma sau da yawa mawaƙin da ya sauka daga dandamali yanzun nan shi ne zai je ya tsaya bayan wani tebur kusa da ƙofa yana sayar da faya-fayai da riguna masu ɗauke da sunan ƙungiyar. A can wani ɗan ɗaki na baya, jagoran tafiyar yana zaune da mai shirya wasan, takarda a gabansu, suna bin lissafi layi-layi: tikiti nawa aka sayar, nawa aka kashe a talla, nawa ne na masu gadi, nawa ne na mai sarrafa sauti. Abin da ya rage a ƙasan takardar shi ne zai sayi man da zai kai su gari na gaba, ya biya ɗakin kwana, ya ciyar da mutum shida ko bakwai har zuwa gobe da daddare.

Na daɗe ina bibiyar wannan sana'a, kuma abin da na fahimta shi ne an tsara ta ne yadda wanda ya ɗauki kasada mafi girma shi ne na ƙarshe da ake biya. Kowa a cikin jerin masu cin abinci a rangadi yana cire rabonsa tun daga sama, kafin a san ko an yi riba ko an faɗi, ban da makaɗan da sunansu yake a jikin tikitin. Wannan tsari bai dace ba, kuma ba daga sama ya faɗo ba, mutane ne suka shimfiɗa shi, don haka mutane za su iya gyara shi.

Da can rangadi talla ne kawai. Ƙungiya takan fitar da faifai, sai ta shiga gari-gari tana wasa domin mutane su ji su je su saya, kamfanin faifan ma yakan ba da rancen kuɗin tafiya wanda zai cire daga cinikin da za a yi. A shekarar 1999 cinikin waƙoƙin da aka naɗa a Amurka ya kai kusan dala biliyan 14.6. A shekarar ne kuma manhajar Napster ta ɓullo, mutane suka fara musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, kafin 2014 cinikin ya faɗo zuwa wajen dala biliyan 7. Sauraro ta manhajoji irin su Spotify ya dawo wa kamfanoni da kuɗinsu, amma abin da yake isa ga ƙaramar ƙungiya bai taka kara ya karya ba, domin a ƙiyasin da aka fi amfani da shi sai an saurari waƙa sau 1,000 kafin a tara dala 3 zuwa 5, kuma a cikin wannan ɗin kamfanin faifai yana da kaso, sauran kuma a raba wa mutum huɗu ko biyar. Sai lamarin ya juye, faifai ya koma talla, rangadi ya zama gonar da ake ci daga gare ta. Shawarar da kowa ya riƙa ba matasan makaɗa ita ce su hau hanya, can kuɗin yake.

Kuɗin yana can, gaskiya ne, amma a duba yadda ake raba shi. Dillalin da yake nema wa ƙungiya wuraren wasa yana karɓar kashi 10 cikin 100 na kuɗin da aka biya ta. Manaja yana karɓar kashi 15 zuwa 20, a yarjejeniyoyi da yawa daga jimillar kuɗin tun ba a cire ɗawainiya ba. Idan akwai akanta mai kula da haraji da asusu, shi ma yana da wajen kashi 5. Wato kusan kashi ɗaya bisa uku ya tafi tun mota ba ta tashi ba. Daga nan sai hayar mota da mai da inshora da otal da albashin mai sauti da mai fitilu da direba, waɗanda duk sai an biya su ko zauren ya cika ko bai cika ba.

Ba kasafai makaɗa suke buɗe littafin lissafinsu ga jama'a ba, shi ya sa abin da ƙungiyar Pomplamoose ta Amurka ta yi a 2014 yake da daraja a wurina. Bayan rangadin kwana 28, wasanni 24 a birane 23, Jack Conte, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa ta, ya wallafa komai dalla-dalla. Tikiti ya kawo musu dala 97,519, teburin riguna da faya-fayai ya kawo dala 29,714, wani kamfanin kwamfuta da ya ɗauki nauyin talla ya ba da dala 8,750, jimilla dala 135,983. Abin da suka kashe kuwa dala 147,802 ne. Sun koma gida da giɓin dala 11,819, alhali a garuruwa da dama mutane sun cika musu zaure. Mutane da yawa sun yi musu ca, suna cewa ɓarnar kuɗi suka yi, me ya kai su kwana a otal, me ya sa suka yanka wa makaɗan haya da ma'aikata albashi mai tsoka, ai ƙungiyoyin da suka gabace su a ƙasan falon masoyansu suke shimfiɗa su kwana.

Wannan suka ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin ta tona abin da sana'ar take ɓoyewa. Ma'anarta ita ce rangadi ba ya fitar da kansa sai idan wani ya yi aiki kyauta, ko ya kwana a ƙasa, ko ya tuƙa mota dare farai bayan ya gama wasa. An mayar da wannan wahala abin alfahari, har ana ganin wanda bai sha ta ba bai cika makaɗin rok ba. Ni ban ga abin alfahari ba a ce mutum ya ɗauki lasifikoki masu nauyi tun azahar, ya yi wasa da daddare, sannan ya kama sitiyari da ƙarfe 1 na dare zuwa garin da ke da nisan kilomita 600. Hanya tana cin mutane ko da akwai kuɗi. Cliff Burton na ƙungiyar Metallica yana ɗan shekara 24 ya rasu a watan Satumba na 1986, lokacin da bas ɗinsu ta kife da asuba a kudancin Suwidin yana barci a ciki. Idan haka ta faru ga masu babbar bas da direban haya, mai karatu ya auna halin waɗanda suke karɓa-karɓar tuƙi a ƙaramar mota cike da kaya, ido duk barci. Ɗaki ɗaya na mutum biyu a otal mai sauƙin kuɗi, wanda shi ne abin da Pomplamoose suka kama, ba almubazzaranci ba ne.

A lura da lissafin nan kuma, teburin riguna ya kawo fiye da kashi ɗaya bisa biyar na dukan kuɗin da ya shigo. Ga ƙungiyoyi da yawa, musamman waɗanda ake ɗauka su buɗe wa manya wasa a kan ɗan abin da bai isa kuɗin mai ba, wannan tebur shi ne ke raba tsakanin komawa gida da 'yan canji da komawa da bashi. Nan ne kuma ake yi musu abin da na fi ƙi a duk harkar. A zauruka masu yawa, da yamma idan an shigo da kwalaye, ma'aikacin zauren yakan zo da takarda ya ƙirga riguna ɗaya bayan ɗaya, manya nawa, ƙanana nawa, bayan wasa ya sake ƙirgawa, duk abin da ya ragu an sayar ke nan, sai zauren ya karɓi kashi 20 ko 25 cikin 100 na cinikin. Daga jimillar ciniki ake cirewa, ba daga riba ba. A ce riga fam 30 na Ingila ce, zauren ya ɗauki fam 7 da rabi, alhali ƙungiyar ce ta biya mai zane, ta biya ɗab'i, ta yi dakon kwalayen, kuma idan riguna suka yi kwantai ita kaɗai za ta yi asara. Abin da zauren ya bayar bai wuce tebur da kusurwar bango ba.

Masu zauruka suna da hujjarsu, kuma ban raina ta ba. Suna cewa haya da wutar lantarki da albashi sun yi tsada, kuma su suka samar da wurin da aka yi cinikin. To amma idan samar da kasuwa shi ne dalilin karɓar la'ada, ai makaɗan ne suka tara jama'ar da suka sayi abin sha a kantin zauren a wannan dare, kuma da wuya ka ji zauren da ya ba su ko kashi ɗaya daga wannan cinikin. A 2022 ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa ta Birtaniya mai suna Featured Artists Coalition ta fara tattara sunayen zaurukan da ba sa taɓa kuɗin riguna, ɗaruruwa suka shiga, yawancinsu ƙanana, wato waɗanda suka fi kowa buƙatar kuɗin su ne suka fara haƙura da shi. A watan Satumba na 2023 kuma kamfanin Live Nation ya sanar da daina karɓar wannan kaso a ƙananan zaurukansa na Amurka, har da ƙarin dala 1,500 na mai da tafiya a kowane wasa. Na yi murna da hakan, amma abin da aka iya janyewa da sanarwa guda, tun farko ba dole ba ne, kuma abin da aka bayar a matsayin alheri ana iya karɓe shi ranar da aka ga dama.

Sunan Live Nation ya kawo mu ga tikiti, inda manyan kuɗin suke. Tun 1994 ƙungiyar Pearl Jam, tana tsakiyar tashe, ta kai ƙorafin kamfanin Ticketmaster gaban Ma'aikatar Shari'a ta Amurka. Tana so ne ta sayar da tikiti a kan dala 18, kuɗin hidima kada ya wuce dala 1.80, ta tarar kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da kusan duk manyan wuraren wasa cewa shi kaɗai zai sayar musu da tikiti. Mutum biyu daga cikin ƙungiyar sun ba da bahasi a majalisar dokoki, ƙungiyar ta soke rangadinta na wannan bazara, daga baya ta yi ta fama da filayen da ba a saba wasa a cikinsu ba. A 1995 gwamnati ta rufe binciken ba tare da ɗaukar mataki ba. A 2010 kuma aka amince Ticketmaster ya haɗe da Live Nation, babban mai shirya wasanni a duniya. Sai a watan Mayu na 2024 ma'aikatar, tare da jihohi kusan 30, ta maka haɗaɗɗen kamfanin a kotu bisa zargin babakere, tana neman a raba shi. A cikin ƙarar an ce kamfanin yana riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na sayar da tikitin manyan wuraren wasa, yana mallaka ko juya wurare fiye da 265 a Arewacin Amurka, kuma shi ne manajan mawaƙa fiye da 400. Kamfanin ya musanta zargin. Ko da wace fuska aka kalli shari'ar, ni dai ban ga yadda za a yi cinikin gaskiya ba idan mai zauren da mai shirya wasan da mai sayar da tikitin, wani lokaci har da manajan da ya kamata ya tsaya wa makaɗi, duk 'yan gida ɗaya ne.

Sai dai ba zan wanke manyan ƙungiyoyi ba, domin su suna da ƙarfin da za su ce a'a. Tun farkon shekarun 1970 Peter Grant, manajan Led Zeppelin, ya tilasta wa masu shirya wasa su ba ƙungiyarsa kashi 90 cikin 100 na kuɗin ƙofa, kuma daga lokacin wanda zai iya cika filin ƙwallo shi yake faɗin farashi. A 2023 Robert Smith na ƙungiyar The Cure ya ƙi yarda da tsarin da farashin tikiti yake hawa gwargwadon yawan masu nema, ya sa wasu tikitocin rangadinsu na Amurka a kan dala 20, da ya ga kuɗin hidimar da aka ɗora wa wasu masu saye ya fi kuɗin tikitin kansa, sai ya fito fili ya yi magana, har Ticketmaster ya mayar wa mutane dala 5 zuwa 10 a kan kowane tikiti. A kwatanta da ranar 31 ga Agusta, 2024, da aka buɗe sayar da tikitin dawowar ƙungiyar Oasis ta Birtaniya: mutane suka shafe sa'o'i a layin intanet, da layi ya zo kansu suka tarar tikitin tsayuwa na wajen fam 150 ya koma sama da fam 350. Ƙungiyar ta ce ba ta san za a yi amfani da wannan tsari ba, hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya kuma ta buɗe bincike. Wanda sunansa yake sayar da tikiti dubu ɗaruruwa a yini guda, rashin sani ba uzuri ba ne a gare shi, haƙƙinsa ne ya tambaya kafin a buɗe kasuwa.

Duk wannan ga wanda ke wasa a ƙasarsa ne. Wanda zai tsallaka iyaka yana da ƙarin kaya. A watan Afrilu na 2024 cikakken kuɗin neman izinin yin wasa a Amurka ya tashi daga dala 460 zuwa sama da dala 1,600, ko da yake akwai ragi ga ƙananan kamfanoni, kuma a lokacin mai son a hanzarta masa sai ya ƙara wajen dala 2,800. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta dawo wa makaɗanta da takardun kwastan na kowace jita da kowace lasifika, da ƙa'idar kwana 90 cikin 180. A 2022 ƙungiyar Animal Collective ta Amurka, wadda ta shekara 20 tana wasa, ta soke rangadinta na Turai, ta ce ta buga lissafi ta kowace hanya ba ta ga inda ba za ta faɗi ba.

Wannan batu ya taɓa mu kai tsaye, domin ɗaya daga cikin ƙungiyoyin rok da ake ji da su a duniya a yau ta Nijar ce. Mdou Moctar, Ba'abzine mai jita da ya yi suna a bukukuwan aure na Agadas, wanda waƙoƙinsa suka fara yaɗuwa daga waya zuwa waya tun kafin wani kamfani ya san da shi, yanzu yana tare da kamfanin faifai na Matador da ke New York. Kafin shi da abokan kiɗansa su hau jirgi sai sun fara shafe kusan kilomita 1,000 a mota zuwa Yamai, ga neman biza da duk wanda ya taɓa yi daga yankinmu ya san zafinsa. Ranar 26 ga Yuli, 2023, da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum aka rufe iyakoki, suna tsakiyar rangadi a Amurka. Rangadin ya ƙare, hanyar gida a rufe, sai da aka kafa asusun neman taimako a intanet, masoyansu suka tara musu kuɗin masauki da abinci. Dillali ya riga ya karɓi nasa, masu tikiti sun karɓi nasu, zauruka sun karɓi nasu, ranar da ƙaddara ta faɗo kuwa babu wani tanadi a cikin tsarin da ya rufa wa makaɗan asiri, sai aljihun 'yan kallo.

Ƙananan zaurukan su ma ba a kan tudun mun tsira suke ba, shi ya sa ba na ganin su a matsayin abokan gabar makaɗa. Ƙungiyar kare ƙananan wuraren kiɗa mai suna Music Venue Trust ta ƙirga cewa a 2023 kaɗai ƙananan wuraren wasa 125 ne a Birtaniya suka rufe ko suka daina sa kiɗa, a shekarar da manyan filaye suka yi cinikin da ba a taɓa gani ba. A cikinsu akwai Moles na birnin Bath, wanda aka buɗe a 1978, ya rufe a watan Disamba na 2023 bayan shekara 45, kuma The Cure da Radiohead da Oasis duk sun taka ɗan dandamalinsa. Ita kanta Oasis a wani zaure mai cin mutum 300 a Glasgow, King Tut's Wah Wah Hut, Alan McGee na kamfanin faifai na Creation ya gan ta a watan Mayu na 1993 ya yi mata tayin yarjejeniya a daren. A irin waɗannan ɗakuna ake koyon sana'ar, a gaban mutum 40 da ba su zo dominka ba, kuma mai zauren yakan faɗi a irin wannan dare. Shi ya yi reno da asararsa, idan ɗa ya girma sai wasu su kwashi ribar a filin ƙwallo.

Faransa ta daɗe da gane haka. Tana cire harajin kashi 3.5 cikin 100 a kan tikitin wasannin kiɗa, kuɗin ya shiga hannun cibiyar kiɗa ta ƙasa, wadda take mayar da shi cikin sana'ar, har da tallafa wa ƙananan wurare da sababbin makaɗa. A Birtaniya abin da ake nema bai kai haka ba, fam 1 ne kacal a kan kowane tikitin babban zaure ko filin ƙwallo. Wani kwamitin majalisar dokoki ya goyi bayan hakan a watan Mayu na 2024, gwamnati ta amince amma ta bar shi a matsayin ganin dama. Wasu sun yi abin kirki tun ba a tilasta musu ba: ƙungiyar Enter Shikari ta ba da fam 1 a kan kowane tikitin rangadinta na 2024, Coldplay kuma ta yi alkawarin kashi 10 cikin 100 na abin da za ta samu a wasanninta na Wembley da Hull a 2025. Sun cancanci yabo, amma ra'ayina shi ne a mayar da abin doka, a kuma tabbatar wani kaso yana isa hannun ƙananan ƙungiyoyin da ke kan hanya, ba masu gini kaɗai ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma abin da aka bar wa ganin dama masu kunya ne kaɗai suke biya, ragowar su ci gaba da cin moriyar zaurukan da wasu suka ceto.

Masu adawa suna cewa ƙarin zai faɗa ne a kan mai sayen tikiti, wanda dama ya gaji da kuɗaɗen hidima. Ina ganin wanda ya biya fam 150, aka kuma ɗora masa kuɗin hidimar da bai san inda ya nufa ba, ba zai ƙi fam ɗayan da aka faɗa masa takamaimai inda zai je ba. Idan ma ana tsoron nauyin ne, a cire shi daga cikin kuɗin hidimar da ake karɓa yanzu. Filin Wembley yana cin mutum 90,000, Oasis kuma ta yi dare bakwai a cikinsa a 2025. Fam 1 a kan kowane tikiti na waɗannan darare kaɗai ya haura rabin miliyan, kuma da ƙasa da haka ake biyan hayar shekara ta zaure irin Moles, a gyara rufinsa, a kuma ba ƙungiyar da ta buɗe wasa kuɗin man da zai kai ta gari na gaba.